Yayana ya ji rauni yana taimakon 'yan sanda, akwai diyya a doka ko sai dai haƙuri?

Maman Walid:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin doka da duk wanda irin haka ta taɓa samun nasa, shawara nake nema, wallahi kaina ya ɗaure.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ɗan sahu ne, mashin ɗin ma ba nasa bane na wani alhaji ne yana kai masa balas kullum da daddare. Yau sati bakwai kenan, bayan magariba ya sauke fasinja a bakin kasuwa sai ga 'yan sanda biyu a guje suka faɗo masa cikin adaidaita sukace ya bi wasu yara da suka ƙwace wayar wata mata suka haye babur. Shi dai yace ko tunani bai tsaya yi ba ya murɗa totur. Suka bi su har wani lungu inda babur ɗin ya zame a kwata, yaran su uku ne, 'yan sandan suka dira suka bi biyu, na ukun ya juyo zai wuce ta gefen yaya shi kuma ya damƙo rigarsa, ashe da wuƙa a ƙugunsa irin doguwar nan, ya sare shi a hannun dama ƙasan gwiwar hannu ya ƙara masa a kafaɗa, amma duk da haka bai sake shi ba har mutanen unguwa suka fito. An kama duka ukun, an samu wayar matar da wasu wayoyi huɗu a jikinsu.

A asibiti akace jijiya ta tsinke sai anyi aiki. Anyi, mun kashe sama da dubu ɗari huɗu da aiki da magani da jini leda biyu, matarsa keken ɗinkinta ta sayar, nima na saka 'yan kunnena. Yanzu ciwon ya rufe amma yatsu uku basa lanƙwasuwa, jiya naje gidan na same shi yana cin tuwo da hagu miya na zubar masa a riga, ƙaramar 'yarsa ce ta ɗauko tsumma tana goge masa, na fita tsakar gida nayi kuka na dawo. Mashin tuni alhaji ya ba wani, kuma ban ga laifinsa ba shima nema yake. 'Ya'ya biyar ne a gidan.

Ba zan ci haƙƙin kowa ba, DPO yazo asibiti da kansa ya masa sannu ya bada dubu ashirin daga aljihunsa, ɗaya daga cikin 'yan sandan nan biyu ma yana kira har yau. Amma da ƙaninmu yaje yayi maganar kuɗin magani sai akace masa babu wani tsari na haka, wai mu rubuta takarda. Takarda zuwa ga wa? Ace me?

Abin da nake son sani, mutum ba shi ya kai kansa ba, hukuma ce ta kira shi ya taimaka ya nakasa a ciki, shin doka ta bashi wani haƙƙi ko kuwa sai abin da aka ga dama aka bashi? Kuma idan akwai ta ina ake farawa?

Abu Hanan:

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya bashi lafiya 'yar uwa, Allah ya mayar masa da hannunsa. Ni ba lauya bane amma abu ɗaya zan ce miki, duk wata takarda ta asibiti ko rasit na kemis ko da na naira ɗari biyar ne ku tattara ku saka a leda ɗaya ku ɗauki hotonsu a waya. Mu da namu ya faru rashin rasit ne ya kashe mu, baki kawai muke faɗa.

Barista AB:

Wa alaikumus salam Maman Walid, sannunku da jinya. Zan faɗa miki gaskiyar yadda abin yake duk da ba daɗi, don gara ki san inda kuke tsaye kafin wani ya karɓe muku kuɗi da sunan zai karɓo muku miliyoyi.

Da farko ki sani yayanki ba shisshigi yayi ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda muke cewa ACJA, ta wajabta wa mutum ya taimaki ɗan sanda ko alƙali idan ya nemi taimakonsa wajen kama wanda ake zargi ko hana shi tserewa, jihohi ma sun yi tasu, Kaduna a 2017 Kano a 2019, kuma tun a Penal Code da muke amfani da ita a arewa ƙin taimakawa ba dalili laifi ne. To matsalar ita ce dokar ta ɗora maka nauyin taimako amma bata buɗe wani asusu ba da za a ce idan ka ji ciwo a ciki ga inda za ka je ka cike fom a biya ka. Da ɗan sanda aka sara a wurin da aka sari yayanki, shi yana da inshorar rai ta ma'aikata, shi yasa kike ganin lokaci lokaci sufeto janar yana raba cak ga iyalan waɗanda suka mutu a bakin aiki. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 wadda hukumar inshorar ma'aikata NSITF ke riƙe da ita ta ma'aikaci ce da wanda ya ɗauke shi aiki yake zuba masa kaso ɗaya cikin ɗari na albashi, yayanki kuwa ba ma'aikacin 'yan sanda bane na minti ashirin aka ara shi. Inshorar mashin ɗin ma idan ta gama-gari ce da ake yi don takardu, wanda aka buge take biya ba direba ba. Wannan giɓin ni kaina yana ci min rai don na sha ganinsa.

Amma ba shikenan ba. Tunda an kama yaran, hanya mafi kusa tana kotun da za a kai su. Sashe na 78 na Penal Code da sashe na 319 na ACJA sun ba kotu ikon ta umarci wanda aka samu da laifi ya biya wanda ya cutar diyya, har da kuɗin magani, a cikin shari'ar laifin ba sai kun shigar da wata ƙara daban ba. Sai dai ba ya zuwa da kansa, mai gabatar da ƙara ne zai roƙa, kuma sai ya san ma akwai wanda aka sara, don sau tari cajin da ake rubutawa na ƙwacen waya ne kawai a manta da raunin. Ku je ku ga ɗan sandan da ke riƙe da fayil ɗin ku tabbatar an ɗauki bayanin yayanki a matsayin wanda aka cutar ba shaida kawai ba, a saka rahoton likita a ciki, ku san kotun da ranar zama, ranar kuma a je da shi alƙali ya ga hannun da idonsa. Na san abin da za ki ce, yaron da yake ƙwacen waya ina zai samu dubu ɗari huɗu, haka ne, amma na ga inda iyaye suka haɗa suka biya don a sassauta, ko rabi aka samu ya rage.

Kai ƙarar hukumar 'yan sanda kuma, anan sai an yi hankali. Da harsashinsu ne ya same shi ko su suka doke shi, da ƙarar tauye haƙƙin ɗan adam ce kai tsaye a babbar kotu, wadda a ƙa'idojin 2009 lokaci baya kashe ta. Amma ba su suka sare shi ba, don haka sai dai a bi ta sakaci, a nuna sun jefa farar hula cikin haɗari suka bar shi da mai makami ba kariya, ana iya jayayya a kai amma ba mai sauƙi bace. Kuma ki riƙe wannan da kyau, akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ce irin wannan ƙarar a shigar da ita cikin wata uku daga ranar da abin ya faru, kin ce sati bakwai, to abin da ya rage muku kamar sati shida ne kawai, in kuna da niyya kada ku zauna jiran amsar takarda har lokaci ya ƙure. Ko an ci shari'ar ma karɓar kuɗi daga asusun gwamnati wani dogon zance ne, sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu yana neman amincewar antoni janar, mutane da yawa suna riƙe da hukunci a hannu shekaru ba ko sisi.

Takardar da sukace ku rubuta kuwa ku rubuta, kada ku raina ta. Zuwa ga kwamishinan 'yan sanda na jiharku ta hannun DPO, kwafi ga kwamishinan shari'a da ofishin gwamna. A faɗi rana da lokaci da lambar mashin, a haɗa rahoton likita da rasitai da hoton hannun, sannan abu mafi muhimmanci ku roƙi a baku shaidar abin da aka rubuta a dayarin ofis na ranar, ko wasiƙa daga DPO da ke cewa jami'ansa ne suka nemi ya ɗauke su. Ku yi wannan yanzu tun yana nan, in aka masa canjin wurin aiki sabon da zai zo bai san zancen ba. Abin da za a bayar ta wannan hanyar tallafi ne ba haƙƙi ba, amma takarda mai hatimin an karɓa ta fi zuwa da baki sau goma.

Kuɗin lauya kada ya tsorata ku, Legal Aid Council suna da ofis a kowace jiha kuma don marasa hali aka kafa su, hukumar kare haƙƙin ɗan adam ta ƙasa ma tana karɓar koke kyauta.

Ɗan Yerwa:

Hajiya sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Labarin yayanki ya taɓa ni don mu nan Maiduguri mun sha wannan ruwan har ya ishe mu. Ni ina cikin yaran da suka fito a 2013 lokacin da aka fara kato da gora, ina da shekara 22, sanda ce a hannuna da tocila, muna tare hanya muna nuna wa sojoji 'yan Boko Haram ɗin da muka sani don mu ne 'yan unguwa mu muka san fuskar kowa. Ba wanda ya ɗauke mu aiki, ba takarda ba komai, gajiya muka yi da kashe mu da ake yi. Daga baya gwamnatin Kashim Shettima ta kawo tsarin tallafa wa matasan Borno, BOYES, aka horar da wasu aka saka su a alawus na wata, amma waɗanda suka shiga lissafin kaɗan ne a kan waɗanda suke tsaye a shingaye.

Akwai abokina da muka taso layi ɗaya, yana gadin ƙofar kasuwa yana duba masu shiga, bam ya tashi kusa da shi, ƙafarsa ta hagu daga gwiwa babu. Wata huɗu yana kwance mu muke karo-karo muna sayen bandeji da allura, mahaifiyarsa tana soya ƙosai a bakin asibiti don ta samu na abinci. An zo an duba su an bada buhun shinkafa da ɗan kuɗi a ambulan, mun gode Allah ya saka, amma daga ranar shikenan, yanzu cajin waya yake yi a ƙarƙashin wata bishiyar maina da sandunansa biyu a jingine. Wanda sunansa yake cikin rajista idan ya mutu ana tuna iyalinsa, wanda baya ciki kuwa sai dai 'yan uwansa na sekta, wato rukunin yankin da yake aiki, su haɗa abin da suka samu su kai wa matar.

Shi yasa da naga Katsina ta kafa nata jami'an tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a farkon 2024, abin da na fara tambaya ba bindiga ko babur nawa aka raba ba, cewa nayi an rubuta abin da za a ba matar mutum in bai dawo ba? Ku tuna Tungar Kara a Zamfara, watan Janairun 2025, 'yan sa kai ne suka fito bin ɓarayin daji jirgin yaƙi ya ɗauka su ne ɓarayin ya sakar musu wuta. Mutanen nan taimako suka fito.

Shawarata ki bi maganar barista musamman ta wasiƙar DPO. Mu abin da ya cuce mu kenan, kowa ya san abin da mutum yayi amma babu inda aka rubuta.

Sadiq Kwari:

Ni fa shi yasa ko gobara naga 'yan sanda sun nufo ni da gudu nake kashe mashina nace mai ya ƙare. Allah ya bashi lafiya amma gaskiya wanda ya ga haka gobe ba zai tsaya ba, ka taimaka ka nakasa a barka da iyali, wa gari ya waya?

Malam Abu Sumayya:

Malam Sadiq ina fahimtar zafin da ya sa ka faɗi haka, amma matar da aka ƙwace wa waya da an bar yaran gobe taka ce ko ƙanwarka za su tare, kuma ba waya kaɗai suke ɗauka ba, rai nawa aka rasa a kan waya a garuruwan nan. Abin da wannan bawan Allah yayi alheri ne babba, gyaran da ake nema a wajen hukuma yake.

'Yar uwa, ta ɓangaren shari'ar Musulunci jini da gaɓa basa tafiya a banza. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce ko dinari 1000 na zinare, hannu ɗaya rabin diyya ne, kowane yatsa kuma raƙuma 10, kuma malamai sun ce gaɓar da ta daina aiki hukuncinta kamar wadda aka cire ne ko da tana nan a jiki. Ana jira ciwo ya warke tukuna a ga inda ya tsaya sannan a ƙiyasta. Wannan a kan wanda yayi saran yake. Game da hukuma kuwa akwai abin da ya faru a Khaibar, aka samu sahabi Abdullahi bin Sahl an kashe shi ba a tabbatar da wanda ya kashe ba, Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam bai bar jininsa ya tafi haka ba ya biya diyyarsa raƙuma 100, hadisin yana Bukhari da Muslim. To ina ga wanda hukuma da kanta ta kira ya zo ya taimaka. In jiharku tana da hukumar zakka ku kai takarda can ma, mai iyali da sana'arsa ta tsaya kuma bashi ya hau shi yana cikin masu haƙƙi, ba roƙo bane. Ku kuma yi wa limamin unguwarku magana ya sanar ranar Juma'a, mutanen da suka fito suka same shi riƙe da ɓarawo jini na zuba ba za su ƙi ba.

Hauwa Manchesta:

Sannu 'yar uwa, wallahi na karanta hawaye ya zubo min wajen tuwon nan. Ni ina aikin jinya a Ingila, kuma abin da barista yace babu a gida, anan akwai shi tun 1964. Hukuma ce guda da gwamnati ke ba kuɗi, CICA, aikinta biyan waɗanda aka ji wa rauni ta hanyar laifin tashin hankali, kuma a tsarin an ambaci wanda ya ji ciwo yana ƙoƙarin kama mai laifi ko hana laifi ko taimakon ɗan sanda. Ba ruwansu da ko mai laifin yana da kuɗi, ba sai an same shi da laifi a kotu ba ma, kai dai ka kai rahoto wajen 'yan sanda ka bada haɗin kai ka nema cikin shekara biyu. Kowane rauni da farashinsa a jadawali, daga fam 1,000, mafi yawa da ake biya gaba ɗaya fam 500,000. Mutane suna ƙorafi yana jan lokaci kuma ana hana wasu, amma dai akwai ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Ba sai mun kai nasu ba, ko kuɗin asibiti da jarin sana'a jiha ta ware ai da an rage.

Sannan a matsayina na nas, dan Allah kada ku bar gashin hannun nan. Bayan ɗinkin jijiya watannin farko su ne komai, ku nemi ɓangaren fisiyo a babban asibiti a nuna masa motsa yatsun da zai riƙa yi kullum, kada a kai shi wajen mai ɗori a ja hannun da ƙarfi. Sati bakwai bai yi latti ba.

Maman Walid:

Nagode nagode jama'a Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu amsa haka ba. Barista wallahi maganar wata ukun nan bamu taɓa jinta ba, na karanta wa ƙaninmu a waya yanzu. Yau da safe yaje ofishin, DPO yace zai bada wasiƙar a dawo ranar Litinin, kuma ashe an riga an kai yaran kotun majistare zama ɗaya har ya wuce bamu sani ba, cajin ƙwace ne kawai kamar yadda kika faɗa babu maganar sara a ciki. Ɗan sandan nan mai kiran yaya shi ya bamu ranar zama na gaba yace zai raka mu wajen mai gabatar da ƙara. Rasitai na tattara goma sha ɗaya, na jini ne bamu gani ba matarsa tana ta dubawa.

Anti Hauwa an rubuta mana fisiyo tun ranar sallama, kuɗin mota da na kati ne ya sa ya je sau biyu ya daina, in sha Allahu gobe ni zan kai shi da kaina.

Barista tambaya ɗaya ta rage, takardar kwamishinan da Hausa za mu rubuta ko dole sai Turanci, kuma yaya ne zai sa hannu ko ƙaninmu zai iya sa masa tunda da dama yake rubutu?

Barista AB:

Ku rubuta da Turanci don ta shiga fayil da wuri, in kun je Legal Aid za su tsara muku. Shi zai sa, ya dangwala babban yatsan hagu ƙaninku ya sa hannu a ƙasa a matsayin shaida. Ku yi kwafi huɗu, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan naku kafin ku bar wurin. Na jinin kuma ku koma ɗakin ajiyar jini na asibitin da katinsa, suna da rajista za su sake rubuta muku.